Turancin Filin Wasa Daban, Turancin Jarrabawa Daban

A makarantun gwamnati na Ingila, kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar ba da Turanci ya fara buɗe baki ba. Akwai masu jin Urdu, da Larabci, da Somaliyanci, da harsunan Poland da Romaniya. Tsarin rabon kuɗin ilimi na ƙasar yana ba makaranta ƙarin kuɗi saboda irin wannan yaro, amma na shekara uku kacal daga shigarsa. Wannan wa'adi ya yi kaɗan, domin tallafin yana yankewa daidai lokacin da karatu ya fara tsauri.

Masanin ilimi Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya nuna cewa yaro kan kama Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin littafi sai ya kwashe shekara biyar zuwa bakwai. A ɗauki yarinyar da ta iso tana 'yar shekara tara. Kafin ta cika sha ɗaya tana gardama da ƙawayenta a filin wasa, lafazinta ma ya koma na 'yan unguwa. Amma a ba ta tambayar kimiyya da ke neman ta kwatanta abu biyu, ta kawo dalili a rubuce, sai alƙalami ya tsaya cak. Malamin da ya ji bakinta ya faɗa sai ya ɗauka lalaci ne, alhali kalmomin aji ne ba su zauna mata ba tukuna.

Wasu za su ce ai waɗannan yara, idan aka haɗa su jimla, ba sa baya a jarrabawar GCSE. Haka ne, sai dai jimlar ta cuɗa yaron da aka haifa a Landan da ɗan gudun hijirar da ya sauka makon jiya. Binciken Steve Strand na Jami'ar Oxford ya gano cewa matakin ƙwarewar yaro a Turanci yana da babban tasiri a kan sakamakonsa. A 2016 gwamnati ta umarci makarantu su riƙa auna wannan ƙwarewa a matakai biyar, amma a 2018 ta janye umarnin. Tun 2011 kuma aka zuba kuɗin da aka keɓe don tallafa wa irin waɗannan yara cikin babban asusun makarantu, ƙananan hukumomi da dama suka rage ƙwararrun malamansu.

Wasu kuma na ganin gara a ware yaran a cibiya ta musamman har su iya. An gwada haka, kuma a 1986 hukumar daidaiton launin fata ta Birtaniya ta samu cewa tsarin da ake bi a yankin Calderdale wariya ne, domin yana raba yara da cikakken darasi. Abin da ya dace shi ne yaro ya zauna cikin ajinsa, malamin harshe ya yi aiki tare da malamin lissafi ko na tarihi, a koyar da kalmomin darasi kafin darasin. Tallafi kuwa a ɗaura shi a kan abin da awo ya nuna, ya ci gaba har sai yaron ya iya rubuta amsarsa da kansa.