Tutiya: Ƙaramin Abu Mai Babban Aiki A Gona Da Cikin Jiki

Jama'a manoma da makiyaya, kowa ya san tutiya. Ita ce ake shafa wa kwanon rufi da bokiti don kada su yi tsatsa. Likitoci suna ce mata zinki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ƙarfe yana cikin ƙasar gonarku, yana cikin hatsi da wake, yana cikin jinin tumaki da na ɗan Adam. Babban mutum yana ɗauke da giram 2 zuwa 3 kawai a jikinsa. Amma in ta yi ƙaranci, shuka ba ta girma, yaro ma ba ya girma. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda aka gano amfaninta

A shekarar 1869 wani masani ɗan Faransa, Jules Raulin, almajirin Pasteur, ya nuna cewa wani irin fumfuna ba ya yaɗuwa in babu tutiya. A 1926 aka tabbatar da haka ga tsirrai, a 1934 kuma ga ɓeraye. A 1961 likita Ananda Prasad ya ba da labarin wasu samari a ƙasar Iran, masu shekara wajen 20 amma jikinsu kamar na yara, ba su balaga ba. Abincinsu gurasar alkama ce, nama kaɗan ne, suna kuma cin yumɓu. Binciken da ya yi a Masar a 1963 ya nuna ƙarancin tutiya a jikin samari masu irin wannan hali. Da aka ba su ita, suka yi tsawo, suka balaga.

Aikinta cikin ƙwayar halitta

Jikin mutum da na dabba da na shuka an gina su da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai sinadarai masu gudanar da aiki, ana ce musu anzim. Fiye da iri 300 daga cikinsu ba sa aiki sai da tutiya, kamar yadda hauya ba ta noma sai da ƙota. Wani yana cikin jini, yana taimakawa a fitar da gurɓatacciyar iskar da muke hurowa waje. Wasu suna aiki lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu. Shi ya sa inda ake girma da sauri can ake fara ganin rashinta: jariri, mace mai ciki, sabon toho, da miki mai warkewa.

Ƙwaya ba ta karɓar tutiya barkatai, domin in ta yi yawa guba ce. Ku ɗauki ƙwaya kamar gida. A jikin mutum akwai ƙofofin shigar da tutiya iri 14 da na fitar da ita iri 10. Akwai kuma ɗan rumbu, wani furotin da ke iya riƙe ƙwayar zarrar tutiya har 7. In tutiya ta yi yawa, wani sinadari mai gadi yakan ji, sai ya sa a ƙara rumbuna da ƙofofin fita. In ta ragu, hanji yakan ƙara ƙofofin shiga, jiki kuma ya rage wadda yake zubarwa. Amma rumbun nan ƙarami ne, jiki ba shi da babban ajiya. Dole a samu tutiya cikin abinci a kai a kai.

Shuka ma tana da dabararta. Hatsi da dawa da masara da shinkafa suna fitar da wani ruwa daga saiwa wanda ke kamo tutiya daga ƙasa.

Alamun rashinta a gona

Rashin tutiya ya fi yawa a jigawa mai rairayi wadda ta daɗe ba ta ga taki ba, da ƙasa mai farar ƙasa ko kanwa, da fadamar shinkafa mai kwanciyar ruwa, da wurin da aka kankare ƙasar sama. Zuba takin fosfat fiye da kima ma yana hana shuka shanta.

Ku duba sabbin ganye, domin shuka ba ta iya kwaso tutiya sosai daga tsohon ganye zuwa sabo. Masara takan yi farin zane a gefen jijiyar ganye, gaɓoɓinta su gajarce. Shinkafa takan yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsa sati 2 zuwa 4 bayan dashe. Mangwaro da lemu sukan yi ƙananan ganye a cunkushe. Dabbobi kuwa sukan rage ci, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tsage, rago ya yi rauni wajen barbara.

Maganin farko shi ne takin gida da bar wa gona kararta. Akwai takin tutiya na zubawa da na fesawa, amma a nemi malamin gona ya duba tukuna, don wasu cututtuka suna kama da wannan.

Abin da ya shafi tukunya

Namiji babba yana bukatar wajen miligiram 11 a rana, mace 8, mai shayarwa 12. Nama da hanta da kifi su suka fi ba da ita. Wake da gyaɗa da riɗi da hatsi ma suna da ita, sai dai akwai wani sinadari a cikinsu mai ɗaure ta, ya hana hanji sha. Jiƙa hatsi, da barinsa ya yi tsiro, da barin gasara ta yi tsami, duk suna rage wannan ɗauri. Ashe kokon iyayenmu mata ba banza ba ne.

A 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, aikin cibiyoyin ICRISAT da INRAN da HarvestPlus. Yana nuna da wuri, kuma yana da sinadarin ƙarfe da tutiya fiye da irin da aka saba.

Zawo yana kwashe tutiya daga jikin yaro, rashinta kuma yana sa zawo ya daɗe. Don haka a shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki: miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa miligiram 10. Uwaye, ko zawo ya tsaya a kwana na uku, ku cika kwanakin nan, domin yana kare yaro daga komawar cutar har wata 2 zuwa 3.

Gargaɗi ɗaya. Kada a ajiye nono, ko ruwan tsamiya, ko zoɓo cikin bokitin da aka shafa wa tutiya. Tsami yana narkar da ita, wanda ya sha sai amai da ciwon ciki. A zuba su a ƙwarya ko a tulu.