Ciwon Jijiyar Fuska da Yadda Ya ke Sauya Jin Fata

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da a ke yawan ɗauka a matsayin ciwon haƙori akwai ciwon jijiyar fuska. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana yadda wannan ciwo ya ke sauya jin fata, da kuma muhimmancin kalmomin da majinyaci ya ke amfani da su wajen faɗar abin da ya ke ji.

Asalin Ciwon

Jijiyoyi 12 ne su ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare. Ta biyar ita ce mai ɗaukar ji daga fuska, tana kuwa da rassa uku: na goshi da ido, da na kunci, da na haɓa. Galibi wata jijiyar jini ce kan danne tushenta, har rigar da ta lulluɓe ta ta goge, sai saƙonni su riƙa cuɗewa. Wani likitan Ingila, John Fothergill, ya bayyana ciwon dalla-dalla a 1773. Ya fi kama waɗanda su ka haura shekara 50, musamman mata, kuma a ɓari ɗaya na fuska.

Sauyin Ji

Sauyi na farko shi ne, taɓawar da ba ta kai ta kawo ba sai ta zama azaba. Ruwan alwala, ko asuwaki, ko taunar goro, ko iskar hunturu a kan hanyar Samaru zuwa Sabon Gari, duk suna iya tayar da ciwon. Ya kan zo kamar bugun minjirya, daga ƙiftawar ido zuwa minti 2, sa'an nan ya lafa. Saboda haka a kan ga majinyaci ya bar wanke ɓarin fuskarsa, ya rage magana da cin abinci, har ya rame.

Sauyi na biyu ya fi ban mamaki. Gwajin likitoci ya nuna cewa a wurin da ciwon ya ke, sau da yawa fatar ba ta jin taɓawa ko ɗumi ko sanyi sosai kamar ɗaya ɓarin, ko da ya ke mai ita bai lura ba. Watau ji ya ragu, amma zafi ya ƙaru. In kuwa fatar ta mutu sarai, to, likita kan yi zargin wata cuta dabam, kamar ƙari mai danne jijiyar.

Matsayin Harshe

Wannan ciwo ba ya kumburi, ba ya jini, bakin mai shi ne babbar shaida. Hausa kuwa ta rarrabe zugi da raɗaɗi da suka da tsuka. Haƙori mai kogo zugi ya ke yi ya daɗe, ita kuwa jijiya suka ta ke yi ta saki. Idan majinyaci ya tsaya ga cewa "haƙori ke ciwo," sai a cire masa lafiyayyun haƙora a banza, ko wanzami ya yi masa ƙaho da tsaga, ko a ce iska ce ta shafe shi. Magungunan ciwon kai da a ke saye a kantunan Sabon Gari ma ba su kashe shi. Tun 1962 a ke amfani da maganin farfaɗiya mai suna Carbamazepine, in ya gaza kuma akwai aikin tiyata na raba jijiyoyin biyu. Wurin neman irin wannan shawara shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Kammalawa

Hausawa kan ce, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ya kamata manazarta Hausa su tattara kalmomin ciwo, su tantance ma'anar kowace, domin likita da majinyaci su fahimci juna tun kafin a taɓa haƙori.