A Dakata Da Gatari Har 'Ya'yan Tsuntsaye Su Tashi

Sanin kowa ne cewa bazara lokaci ne na zafi da gumi, wanda jama'a ke ƙosawa su ga bayansa. Amma duk magidancin da ya shimfiɗa tabarma a gindin itacen gidansa da sassafe, tsakanin watan Maris da Mayu, ya ɗaga kai sama, zai tarar ana wani babban aiki a bisa kansa.

Da farko ƙanshi ne zai tarye shi. A wannan lokaci darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, take fitar da ƙananan furanninta farare, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a cikinsu. Wannan itace asalinsa daga ƙasar Indiya yake, an kuwa fara dasa shi a Barno a shekarar 1928, ga shi yau da wuya a sami unguwar da babu shi. Mangwaro ya riga ya yi fure tun da hunturu, yanzu 'ya'yansa ke nuna. Kuka kuma tana jiran ƙaratowar ruwa, sa'an nan ta buɗe manyan furanninta da dare, jemagu su zo shan zaƙinsu.

A cikin waɗannan rassa ne kurciya ke jera 'yan tsinkaye, ta yi sheƙar da mutum zai ce iska kaɗan za ta watsar. Ƙwai biyu farare take sakawa, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kimanin mako biyu, 'ya'yan kuma su ƙara wajen mako biyu kafin su tashi. Baiwar Allah takan laɓe a cikin bunun ɗaki. Cilakowa kuwa kogon itace take shiga, ta liƙe ƙofar da laka, ta bar 'yar kafa wadda mijinta zai riƙa miƙo mata abinci.

Babbar baƙuwa ita ce shamuwa, wadda ke tasowa daga kudancin Afirka ta iso mana gab da faɗuwar ruwa. Tun kaka da kakanni manomi na ganinta ya san lokacin sharar gona ya ƙure. Ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta, ita kuwa tana saka alheri da cinye fara da tsutsotsi.

To, abin baƙin ciki shi ne, a daidai wannan lokaci ne magidanta da yawa ke kiran mai gatari ya sassabe itatuwan gida, don tsoron iskar farkon damina. Tsoron yana da dalili, gama reshe na iya karyewa ya rushe katanga ko ya ɓarke kwano. Sai dai sau da yawa akan yi wa itacen aski ƙwal, ƙwai da 'ya'ya su zube ƙasa, kyanwa ta sami kalaci, iyalin gida kuma su rasa inuwa a tsakiyar zafi.

Shawararmu ga masu karatu ita ce a duba kafin a sara. Reshen da ya bushe, ko wanda ya rufa a kan ɗaki, a cire shi. Wanda ke ɗauke da sheƙa kuwa a yi masa haƙurin wata guda. Haka kuma iyaye su ja kunnen yara masu yawo da danƙo. In so samu ne, a mayar da babban sassabe zuwa bayan kaka, sa'ad da yawancin sheƙuna suka zama kango.