Belichick bayan tafiyar Brady: uban gida ne ya yi yaro, ko yaro ne ya yi uban gida?

A ƙasar Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa tun shekarar 2020, kuma duk wanda ya taɓa riƙe yaro a shago zai gane ta. Gardamar a kan mutum biyu ce: Bill Belichick, mai horas da ƴan wasan ƙungiyar New England Patriots na da, da Tom Brady, ɗan wasan da suka yi shekara 20 tare.

Wasan nasu ba irin tamaular da muka sani ba ne. Ƙwallon kamar ƙwai yake, da hannu ake jefa shi, kuma kowane ɓangare mutum 11 ne. A cikinsu akwai ɗaya da ake kira kwatabak, shi ne madugu: shi ke karɓar umurnin mai horaswa, shi ke zaɓen wanda zai jefa wa ƙwallo. Wannan shi ne aikin Brady.

A shekarar 2000 Belichick ya kama aiki a Patriots. A shekarar ce ya ɗauki Brady a zaɓen sababbin ƴan wasa, bayan an riga an zaɓi mutum 198. A 2001 madugun ƙungiyar, Drew Bledsoe, ya ji ciwo, sai aka sa yaron. Da Bledsoe ya warke, Belichick ya ƙi mayar da shi gurbinsa duk da tsadarsa. Daga nan suka je wasan ƙarshe na Super Bowl sau 9, suka ɗauki kofi sau 6: a 2002, 2004, 2005, 2015, 2017 da 2019.

Sirrin Belichick irin na ɗan kasuwa ne. Hukumar wasan ta ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe wajen albashi, saboda haka ba mai iya tara gwanaye duka. Shi kuwa Belichick, wanda shi ke da ta cewa wajen ɗauka da sallamar ƴan wasa, ba ya bari haja ta yi masa kwantai. Ya sallami Lawyer Milloy a 2003 ana saura kwanaki a fara gasa, ya miƙa Richard Seymour ga ƙungiyar Oakland a 2009. Mutane suka yi ta surutu, amma nasara ta rufe musu baki.

A kan Brady ne lissafin ya kuɓuce. Belichick ya ɗauki Jimmy Garoppolo a 2014, ana ganin shi ne magaji, amma Brady ya ƙi tsufa, har aka miƙa Garoppolo ga San Francisco a 2017. A watan Maris na 2020, Brady na da shekara 42 kuma ba a ɗaure shi da doguwar yarjejeniya ba, sai ya koma Tampa Bay. A watan Fabrairun 2021 ya ɗauki kofinsa na 7, suka doke Kansas City da ci 31 da 9.

A gidan da ya baro kuwa, kasuwa ta faɗi. Cikin shekara 4 Patriots ta ci wasa 29, aka cinye ta 38. An gwada Cam Newton, an gwada Mac Jones, ba wanda ya cike gurbin. A kakar 2023 wasa 4 kawai suka ci cikin 17. A watan Janairun 2024 Belichick da mai ƙungiyar, Robert Kraft, suka raba gari. Ya tafi da nasara 333, saura 14 ya kamo Don Shula mai 347. A watan Disamban 2024 ya karɓi aikin horas da ɗaliban jami'ar North Carolina.

Masu suka na cewa ga gaskiya ta fito, suna tuna cewa tun a Cleveland, daga 1991 zuwa 1995, wasa 36 ya ci aka cinye shi 44. Amma akwai abin da suke mantawa. Kafin Brady ya fara wasa, Belichick ya riga ya ɗauki kofi biyu a New York Giants, a 1987 da 1991, a matsayin mai tsara masu tsaron gida. A 2008 kuma Brady ya ji ciwo a gwiwa tun wasan farko, amma ƙungiyar ta ci wasa 11 cikin 16 da Matt Cassel. Sannan wa ya amince da yaron da aka tsallake sau 198?

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shekara 4 na faɗuwa ba za su share kofi 6 ba. Laifin da ya dace a ɗora wa Belichick shi ne, ranar da gwaninsa ya fita, babu wani a hannu da ya isa ya riƙe wurin, alhali shi ke zaɓen ƴan wasa. Alhazai da hajiyoyin kasuwa, in akwai yaro ɗaya da ya san masu bashi, ya san dillalai, ya san farashi, to tun yana nan ya kamata a zaunar da wani kusa da shi ya koya.