Darasin Da Ake Ɗauka A Bakin Kududdufi

Ku sani, ya ku masu karatu, akwai karatun da ba ya zama a zuciyar yaro sai ya taka ƙasa da ƙafarsa. Shi ya sa a waɗansu makarantun firamare, idan damina ta ja baya, malami yakan jera yara biyu-biyu ya fita da su, domin su ga aikin da ruwa ya yi wa ƙasa. Akwai iyaye masu cewa wannan yawo ne kurum da kashe takalmi. Lalle ba su yi wa malamin adalci ba.

A birnin Kano babu inda ya fi dacewa a soma kamar gindin Dutsen Dala, inda ruwan sama ya tsattsaga jar ƙasa. Nan malami yakan cika buta biyu. Ya tsiyaye ɗaya a kan ƙasa tsirara, sai ruwan ya sheƙa a guje, jawur, ɗauke da ƙasa. Ya tsiyaye ɗayar a kan ciyawa, sai ya tsaya ya nutse a hankali. Dalili kuwa, ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, saiwa tana riƙe ƙasa. Inda aka sare itace, dabbobi suka cinye ciyawa, masu ɗibar yashi suka yi rami, sai ruwa ya sami 'yar hanya. Bana kamar tsagar garma, baɗi ta kai gwiwa, bayan shekaru ta zama kwazazzabo, yana ci da baya-baya, ya cinye gona, sa'an nan ya iso katanga. Wannan ita ce zaizayar ƙasa.

To, ina ƙasar da aka kwashe take zuwa? Tana sauka a lambatu, ta tarad da leda da shara, ta toshe shi.

Daga nan sai bakin kududdufi, kuma a nan ya kamata 'yan kasuwa su buɗe kunne. Mutanen dā sun haƙa kududdufai ne domin ƙasar ginin gidaje da ganuwa, kāna ramukan suka zama matattarar ruwan unguwa, suna riƙe shi kafin ya gangara Jakara, wadda ta ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi. Da yawa an cike su an yi gidaje da shaguna. Mai fili ya ci riba, amma ruwan watan Agusta bai ragu ba, tilas ya nemi wurin kwana. A daminar 2022 ya kwana a Kantin Kwari, ya jiƙe dilolin atamfa da shadda na dukiya mai yawa. Sunan kasuwar ma ya isa gargaɗi, gama kwari shi ne inda ruwa yake taruwa.

Manyan yara akan ba su labarin madatsun ruwa: Tiga, wadda aka gama a 1974 a kan Kogin Kano, da Bagauda, wadda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, da Alau, wadda ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. Laka da ke gangarowa daga gonaki tana kwantawa a ƙarƙashin madatsa, tana rage mata ciki shekara bayan shekara.

Wannan fita ba ta bukatar mota ko kuɗi, buta ce da ƙafa, saboda haka malaman allo ma suna iyawa ranar Alhamis, balle almajirai su ne suka fi kowa wanka da wanki a kududdufi. Kafin a watse malami yakan hana yara tsallaka ruwa mai gudu ko da iyakarsa gwiwa, ya kuma ba kowa aiki: gobe ya zo ya faɗi inda ruwan indararon gidansu yake bi har ya fita daga unguwa.