Na'urorin Birki na Zamani da Yadda Suke Riƙe Mota a Kan Hanya

Abin da muke so mu fara jawo hankalin mahalarta wannan taro a kai shi ne, duk ikon da direba yake da shi a kan mota ya dogara ne ga wurare huɗu da tayoyi suke taɓa ƙasa, kowanne kuwa faɗinsa kamar tafin hannu ne. Muddin taya tana juyawa, tana kama hanya. Amma da zarar birki ya cije ta, sai ta shiga zamewa, kuma ko direba ya murɗa sitiyari motar miƙewa za ta yi.

Domin magance wannan ne aka ƙera na'urar ABS, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fitar a 1978. Akwai ma'auni da ke ƙirga juyin tayoyi. Idan kwamfutar motar ta ga wata taya tana shirin tsayawa cak, sai ta sassauta matsin man birki a kanta, ta sake matsewa, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Karkarwar da direba yake ji a ƙafarsa alamar aikin ce. Wanda ya tsorata ya ɗaga ƙafa ya yi kuskure. Kamata ya yi ya ci gaba da takawa.

A kan wannan harsashi aka gina na'urar daidaita mota, wato ESC, a 1995. Ita tana gwada inda sitiyari ya nufa da inda motar take nufa a zahiri. Idan bayan mota ya fara wulwulawa a kwana, sai ta kama tayar gaba ta waje ita kaɗai. Idan kuwa gaban ne ya ƙi shan kwanar, sai ta kama tayar baya ta ciki, ta kuma rage ƙarfin inji. Babu direban da zai iya wannan, domin ƙafarsa birki ɗaya take takawa. Darajarta ta bayyana a 1997, lokacin da ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a wani gwajin kauce wa dabba a Suwidin, kamfanin ya sanya wa samfurin ESC. Tun daga 2014 Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin motoci.

Sai dai mu lura, a kan yashi ko burji ABS kan ƙara nisan da mota take ci kafin ta tsaya, domin tayar da ta cije tana tara ƙasa a gabanta, wadda ke taimaka mata tsayawa. Haka kuma na'urorin nan ba sa ƙara wa taya kamun da ba ta da shi: idan ta suɗe, kwamfuta ba ta da abin da za ta yi aiki da shi.