Kafin shiga dajin Falgore da iyali: Gargaɗin da mota ke yi, direbobi na watsi da shi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, ta bi ta Tudun Wada da Doguwa ta nufi Saminaka da Jos, ya sha ganin mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi. Maigida ya tafi neman ruwa da jarka, uwargida da yara sun raɓe a gindin bishiya.

Idan a cikin gari hakan ta faru, da sauƙi. Sai dai hanyar ta ratsa dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, inda ake tafiya mai nisa babu gareji, babu mai faci. Dajin ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da 'yan fashi, har a shekarar 2017 rundunar sojin ƙasa ta mayar da shi wurin atisaye. Babu magidancin da zai so dare ya riske shi a nan da iyalinsa.

Galibin irin wannan lalacewa kuwa ba kwatsam take zuwa ba. Motar kan yi gargaɗi tun kafin a bar gida, amma ba kowa ke fahimtar abin da take faɗa ba.

Mota ta zo, littafinta bai zo ba

Yawancin motocin gida a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam: Golf da Sharan da Peugeot 406 da Corolla da Sienna. Sun gama shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso Kano. Littafin da ke bayanin yadda ake sarrafa su ko dai ya ɓace, ko kuma da Jamusanci ko Faransanci aka rubuta shi.

Dattawan direbobi da bakanikai da dama sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da aka buɗe a 1975. Waccan motar da kunne da sifana ake gano ciwonta. Na yanzu kuwa kwamfuta ce ke kula da man da injin ke sha da zafinsa, kuma ta fitilun da ke gaban direba take magana.

Ga shi mota ɗaya ce ke yin komai: kai yara makaranta, kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, zuwa biki, da ɗaukar buhunan masara da shinkafa da kaka.

Ja na nufin tsaya

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Jar fitila na nufin a tsaya, ruwan ɗorawa na nufin a kai wa mai gyara ba da jimawa ba, kore ko shuɗi kuma sanarwa ce kawai cewa wani abu na aiki.

Mafi hatsari ita ce mai hoton butar mai. Idan ta kama ana tafiya, baƙin mai ba ya isa sassan injin da ƙarfin da ya kamata. 'Yan mintoci sun isa injin ya buga. Direban da ya hango ta a Yaryasa ya ce bari ya lallaɓa ya isa Tudun Wada, yana iya musanya kuɗin litar baƙin mai da kuɗin sabon inji.

Mai hoton batir ba lallai batirin ne ya mutu ba. Tana nufin ba ya samun caji, sau da yawa saboda fanbel ya tsinke. A wasu motocin bel ɗin nan ne ke juya famfon ruwa, don haka zafi zai biyo baya.

Mai hoton inji, idan ta tsaya cak, ana iya ƙarasawa gareji a hankali. Idan tana ƙiftawa, injin ba ya ƙona mai daidai, kuma ci gaba da taka totur zai ƙara ɓarna. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da kafar da ake jona na'ura ta karanto inda matsalar take, maimakon a yi ta canza kaya da ƙiyasi.

Akwai kuma dabarar da masu sayen mota ya kamata su sani. Idan aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, duk fitilun nan za su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don a ɓoye lahani.

Ruwan rijiya a lagireto

Al'ada ce a garejin Najeriya a cire wani ɗan ƙarfe mai suna tamosta da zarar mota ta shigo, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikinsa shi ne riƙe zafin injin a wajen digiri 90. Idan babu shi, injin kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai da yawa, ga saurin cinyewar sassa. Idan kuma toshewar lagireto ce ta jawo zafin, cire shi ya ɓoye ciwon ne kawai.

Toshewar kan samo asali daga ruwan rijiya ko na rafi da ake zubawa, wanda ke barin tsatsa da ƙanzo a cikin bututu. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a Kofar Ruwa da shagunan kayan mota shi aka tanada don wannan aiki.

Idan allurar zafi ta haura, a tsaya, a kashe inji, a jira ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafinsa na iya watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu.

Tsimin man da ke iya cin rai

Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Tsadar ta sa direbobi na neman kowace hanyar tsimi.

Ɗaya daga cikinsu ita ce cire giya ko kashe inji a gangara, musamman a yankin Doguwa da Riruwai mai tsaunuka. Da zarar inji ya mutu, birki zai yi tauri bayan an taka sau biyu ko uku, sitiyari ma ya yi nauyi. Ribar ma babu, domin motar zamani kan datse mai da kanta idan tana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur.

Haka jinkirta juyen baƙin mai ko sayen wanda ba a san asalinsa ba. Abin da aka adana yau, bakanike ne zai karɓe shi ninki-ba-ninki.

Taya na da ranar haihuwa

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Idan an rubuta 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya na tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba.

Yawan iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 zuwa 35 ne a ma'aunin mai faci. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Tsohuwar taya, da iskar da ba daidai ba, da lodin buhuna, da zafin kwalta a watan Afrilu, idan suka haɗu sai fashewa.

Hazo, damina da yara a baya

Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska ta inji, mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai. A cikin hazo, doguwar fitila dawowa take ta kashe wa direba ido, gajera ce ta fi. Da damina kuma, idan gilashi ya yi gumi, kunna esi a karkatar da iskar zuwa gilashin ya fi goge shi da hula ana tafiya.

Motar da ke da birkin ABS, idan aka taka da ƙarfi za a ji fedar na karkarwa. Wannan alamar yana aiki ce, don haka a ci gaba da dannewa, kada a saki.

A gefen ƙofofin baya akwai ɗan maɓalli da ke hana a buɗe su daga ciki, wanda iyaye da yawa ba su san da shi ba. Ɗora yaro a cinya a kujerar gaba kuwa hatsari ne, domin jakar iska na fitowa da ƙarfin da zai iya hallaka shi. FRSC ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na rage yiwuwar mutuwa a haɗari da kusan rabi.

Minti goma kafin tashi

Duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki tun injin na sanyi, da tabbatar da cewa safaya na da iska, ga jak da sifanar taya da tocila da jarkar ruwa a but, ba ya ɗaukar fiye da minti goma. Wanda zai ratsa daji ya cika tankinsa tun daga gari, ya kuma tashi da wuri yadda ko an samu matsala akwai sauran rana.

Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce. Yana da kyau uwargida da manyan yara su ma su riƙe ta, tare da lambar bakaniken gidan.